Babi na Shida: Lissafin Om Kafin a Ƙara wa Amfilifayar Bes Akwati

A bayan kowace amfilifayar jitar bes, daidai ramin da ake soka wayar sifika, akwai ɗan rubutu mai lamba 4 ko 8, wani lokaci 2, tare da alamar Ω. Lambar tana nuna mafi ƙanƙantar turjiyar da na'urar za ta iya jurewa, ana kuma auna ta da om. Akwatin sifika ma yana da tasa lambar a bayansa. Muddin akwati ɗaya ne a haɗe, ba kasafai waɗannan lambobi suke damun kowa ba, domin kamfanin da ya ƙera kayan ya riga ya daidaita su. Magana tana tasowa ne ranar da aka ga sautin ya yi kaɗan, aka ɗauko akwati na biyu don a ƙara.

Irin wannan rana ba ta wuya a birnin Sakkwato da kewayensa. Majami'u suna da makaɗa masu jita da ganguna, akwai masu ba da hayar kayan sauti don biki da taro, akwai kuma masu gyaran rediyo da amfilifaya waɗanda duk abin da ya ƙone a wurinsu yake kwana. Yawancin kayan daga Legas suke zuwa, musamman kasuwar Alaba, ko daga Kano, wasu sababbi wasu na hannu, kuma da wuya a sami amfilifaya da akwatinta sun fito daga kamfani ɗaya. Akwatuna da yawa kafinta ne ya haɗa su a gari, mai gyara ya ɗaura musu sifikar da ta samu. Saboda haka lissafin da kamfani ya saba yi ya dawo hannun mai kaya.

Abin da om yake aunawa

A cikin sifika akwai siririyar wayar tagulla da aka naɗe ta zama kwayil, tana zaune a tsakiyar maganaɗisu, an manne ta da takardar da ake gani daga waje. Amfilifaya tana aiko da wuta mai kai da komo, kwayil ya motsa gaba da baya, takardar ta tura iska, kunne ya ji sauti. Wannan tsari shi ne wanda Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka suka bayyana a 1925, kuma har yau kusan duk sifikar bes a kansa take.

Kwayil ba ya barin wuta ta wuce yadda ta ga dama, yana turje mata. Bajamushen malamin kimiyya Georg Ohm ne ya fitar da ƙa'idar wannan turjiya a 1827, shi ya sa ma'aunin yake ɗauke da sunansa. Ƙa'idar gajeriya ce: a raba ƙarfin turin wuta, wato bolt, da turjiya, wato om, abin da ya fito shi ne yawan wutar da ke gudana, wato amfiya. Idan amfilifaya tana tura bolt 40 cikin akwati mai om 8, amfiya 5 za ta fita daga cikinta, aikin da ake samu kuma, in an ninka bolt da amfiya, wat 200 ne. A mai da akwatin ya zama mai om 4, bolt ɗin yana nan 40, amma amfiya ta koma 10, wat ya koma 400. A sauko zuwa om 2, sai a nemi amfiya 20 daga na'urar.

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, domin hankali yana ba su cewa ƙaramar lamba ƙaramin nauyi ce. Akasin haka ne gaskiya. Amfilifaya kamar tankin ruwa take, kowace sifika kuma famfo ce da aka buɗe a jikinsa: famfo mai faɗin baki, wato mai ƙarancin om, ya fi zuƙe ruwa, idan kuma aka buɗe biyu a lokaci ɗaya tankin ne zai ji a jikinsa. Duk amfiyar da ta ƙaru ta cikin taransistocin amfilifaya take bi, kuma tana barin zafi a wurin.

Ya kamata a san cewa lambar 8 ko 4 da ke jikin akwati kintace ce. Turjiyar sifika tana hawa tana sauka gwargwadon sautin da ake bugawa. A wani sauti na ƙasa, inda takardar ta fi saurin karkarwa da kanta, akwati mai om 8 yana iya kai om 30 ko fiye, a wani wurin kuma ya sauka ƙasa da 8. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu tana karkarwa sau 41 a daƙiƙa, ta mai tsirkiya biyar kuwa kusan sau 31, kuma sautukan ƙasa irin waɗannan su ne suka fi cin wuta. Shi ya sa kuskuren da amfilifayar murya za ta yi shekara tana haƙuri da shi, ta bes ba ta kai ƙarshen biki.

Haɗa akwati biyu

Hanya biyu ake haɗa sifika. Ta farko ita ce faralel, inda kowace sifika take samun wuta kai tsaye daga amfilifaya, jar waya da jar waya, baƙa da baƙa. Ta biyu ita ce siris, inda wuta take shiga ta farko, ta fita, sannan ta shiga ta biyu. A siris tara lambobi ake yi: om 8 da om 8 sun zama 16, om 4 da om 4 sun zama 8. A faralel kuwa turjiya raguwa take yi. Idan akwatunan iri ɗaya ne, a raba om ɗin guda ɗaya da yawansu: masu om 8 guda biyu sun ba da 4, guda huɗu sun ba da 2, masu om 4 guda biyu su ma 2. Idan biyu ne masu lamba daban, a ninka lambobin, a raba da jimillarsu. Om 8 da om 4: a ninka a sami 32, a tara a sami 12, a raba a sami kusan 2.7.

Kusan duk ramukan da ke bayan amfilifaya da bayan akwati faralel ne. Wannan yana buƙatar nanatawa, saboda yadda ake jan waya yana yaudarar ido. Mai haya zai ja waya daga amfilifaya zuwa akwati na farko, ya soka wata a rami na biyu na akwatin ya kai ta akwati na biyu, ya ga sun jeru kamar sarƙa, sai ya ɗauka siris ya yi. A cikin akwatin kuwa ramukan biyu a haɗe suke da juna, don haka bai bambanta da wanda ya ja wayoyi biyu daga amfilifaya ba. Haɗin siris na gaske sai da waya ta musamman, ko a buɗe akwati a sauya haɗin ciki.

Daga nan hukuncin ya fito fili. Amfilifaya mai taransista da aka rubuta mata om 4 tana ɗaukar akwati ɗaya mai om 8, ko ɗaya mai om 4, ko biyu masu om 8. Iyakarta ke nan. Wanda akwatinsa na farko mai om 4 ne ya riga ya cika mata kaya, ba shi da wurin ƙari ko da na om 8 ne, domin 2.7 yana ƙasa da 4. Masu sayarwa sukan yabi akwati mai om 4 da cewa yana fitar da duk ƙarfin amfilifaya, kuma gaskiya suka faɗa, sai dai ba sa ƙarawa da cewa ya rufe ƙofar ƙari. Mai tunanin faɗaɗa kayansa nan gaba gara ya fara da mai om 8. Akwai amfilifayoyin da aka ƙera su ɗauki om 2, amma sai an ga haka a rubuce a jikinsu, ba a bakin dillali ba.

Hawa sama ba ya cutar da amfilifaya mai taransista. A ba ta om 16 za ta yi aiki cikin sanyi, ƙarfin ne kawai zai ragu.

Amfilifayar da take haɗe da sifikarta a akwati ɗaya tana da nata sharaɗi. Galibi sifikar ciki mai om 8 ce, ramin ƙari kuma faralel ne, don haka akwatin da za a ƙara dole ya zama mai om 8 ko sama. Wasu sifikarsu ta ciki mai om 4 ce, kuma irin waɗannan sau da yawa ba su da ramin ƙari sam. Rashin ramin ba mantuwa ba ce, kuma mai gyaran da ya huda baya ya ɗaura rami ba taimakon mai kaya ya yi ba. Akwai kuma waɗanda da an soka waya a ramin ƙari sai sifikar ciki ta yanke. Takardar bayanin na'urar ce take raba gardama, idan kuma ta ɓata, kamar yadda ta saba ɓata a kayan hannu, ana samun ta a intanet da lambar samfurin.

Yadda wuta take rabuwa

Akwatuna biyu masu om ɗaya suna raba wuta daidai, ko da girmansu ya bambanta. Wannan yana da haɗari a ɓoye. A ce ɗaya yana jure wat 500, ɗayan wat 200, dukkansu om 8. Ba wat 700 za su jure tare ba, wat 400 ne, domin da zarar kowanne ya sami 200 ƙaramin ya kai iyakarsa. Haka ma idan an haɗa akwati mai sifika huɗu da mai sifika ɗaya: guda ɗayar nan za ta sha rabin wutar ita kaɗai, huɗun su raba sauran rabin, kuma tun da huɗun sun fi ƙara, ba za a ji kukan ɗayar ba sai ta mutu.

Idan om ya bambanta, mai ƙaramar lamba ne yake kwashe kaso mafi tsoka. A haɗin om 4 da om 8, daga wat 600 mai om 4 zai ɗauki 400, ɗayan ya tsira da 200. Wannan ba laifi ba ne idan amfilifayar tana ɗaukar om 2, kuma mai om 4 ɗin shi ne babba. In kuwa ƙaramin akwati ne mai om 4, an ɗora wa rarrauna kaya.

Sauran tambaya ita ce nawa sautin zai ƙaru. Amfilifayar da take ba da wat 500 a om 4 yawanci tana ba da kusan 300 a om 8, ba 250 ba, saboda taransifomarta tana ɗan sarewa idan aka matsa mata. Tazarar 300 da 500 a takarda tana da girma, a kunne kuwa 'yar kaɗan ce: ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, alhali sai an ƙara kusan desibel 10 kafin mutum ya ce ƙarar ta ninka. Ribar akwati na biyu ta fi zuwa daga faɗin takardar da ke tura iska. Akwatuna biyu iri ɗaya da aka ɗora ɗaya bisa ɗaya suna taimakon juna a sautukan ƙasa, har ƙarin ya kusanci desibel 6. Kamfanin Ampeg ya bi wannan hanya tun 1969, da ya fitar da amfilifayar SVT mai wat 300 da akwatuna masu sifika takwas, kowace inci 10. A irin wannan akwati sifikun masu om 32 ne, takwas a faralel, suka ba da om 4.

Wannan taimakon juna yana rushewa idan waya ɗaya ta juye, ja ta koma wurin baƙa. Takardar akwati ɗaya za ta fito lokacin da ta ɗayan take komawa, iskar da wannan ya tura wancan ya janye ta, sai bes ya ɓace duk da an ƙara akwati. Gwajinsa da batir ɗin bolt 9 ake yi: a cire waya daga amfilifaya, a taɓa bakinta da batir na ɗan lokaci, a duba. Dole dukkan takardun su motsa gefe ɗaya.

Auna akwatin da ba a yarda da lambarsa ba

Akwatin da ya shekara biyar a hannun masu haya da wuya a ce abin da ke cikinsa shi ne abin da aka rubuta a bayansa. An sauya sifika, ko an kai ta an sake naɗin kwayil da wayar da ba kaurin ta asali ba, ko an mai da haɗin ciki yadda bai kasance ba. Sifika huɗu masu om 8 za su iya ba da 2, ko 8, ko 32, ya danganta da yadda aka haɗa su. Mita ce take faɗin gaskiya. A sa ta a ma'aunin om mafi ƙanƙanta, a fara haɗa bakunanta biyu a ga abin da wayoyinta kansu suke ci, sannan a auna akwatin ba tare da amfilifaya ba. Mita tana auna da wutar batir marar kai da komo, don haka lambarta takan yi ƙasa da ta gaske: akwati mai om 8 zai nuna tsakanin 5 da 7, mai om 4 ya nuna wajen 3, mai om 16 ya nuna wajen 12. In ta nuna kusan sifili, waya ta haɗe a wani wuri, kada a soka shi. In ba ta motsa ba, kwayil ya yanke ko waya ta cire.

Lambar wat ma abar dubawa ce. Wadda aka rubuta RMS a gefenta ita ake lissafi da ita. Dubban wat da ake bugawa da manyan haruffa a kwali tare da PMPO talla ce kawai.

Zafi, ƙura da waya

Ma'aunin da kamfani ya rubuta an gwada shi ne a ɗaki mai sanyi da wuta tsayayya. A Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, taro kuma a ƙarƙashin rumfa ake yin sa, da janareta wanda wutarsa take hawa da sauka. Ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka da haƙarƙarin ƙarfen da ke fitar da zafi. Amfilifayar da aka kai ta iyakar om ɗinta a irin wannan hali ba ta da sauran sarari. Ta zamani takan kashe kanta, jar fitila ta kama, ta dawo in ta huce, kuma wannan gargaɗi ne, ba lalacewa ba. Tsohuwa kuwa fis take ƙonawa, ko taransistocin fita su narke su haɗe. Idan haka ta faru, wuta marar kai da komo tana iya zubowa kai tsaye cikin sifika ta gasa kwayil, a yi asarar abu biyu a dare ɗaya. Ɗaure fis da zaren waya, wanda ake yi don kada biki ya tsaya, shi ne yake kai ƙaramar matsala ga wannan matsayi.

Waya ma tana da tata turjiya. Ta tagulla mai kaurin milimita 1.5 murabba'i, in aka ja ta mita 20, zuwa da dawowa tana cin kusan rabin om. A kan om 8 asarar ba ta kai a damu ba, a kan om 2 kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutar a waya yake ƙarewa. Wayar jita ba ta maye gurbin wayar sifika ko da bakinsu iri ɗaya ne, domin zaren cikinta siriri ne ƙwarai, zai yi zafi ya narkar da roba. Bakin Speakon na kamfanin Neutrik, wanda ake murɗawa ya kulle, ya fi bakin jita aminci: ba ya zarewa in an taka waya, kuma ƙarafansa ba sa taɓa juna lokacin sokawa.

Masu haya da ke amfani da babbar amfilifaya mai tasha biyu sukan haɗe tashoshin su zama ɗaya don bes, abin da ake kira birij. A wannan hali kowace tasha rabin turjiyar take gani. Akwati mai om 8 ya zama 4 a wurinta, mai om 4 ya zama 2. Na'urar da iyakarta om 4 ce a kowace tasha, a birij iyakarta om 8 ce.

Amfilifaya mai bawul

Tsohuwar amfilifaya mai bawul na gilashi ƙa'idarta daban ce. Tana da taransifoma tsakaninta da sifika, da ramuka ko maɓalli masu lamba 2, 4 ko 8, kuma abin da take so shi ne a ba ta daidai lambar da aka zaɓa. Akwatuna biyu masu om 8 sai a sa ta a 4. Babban haɗarinta shi ne a buga ta babu sifika, ko waya ta zare ana cikin kiɗa: wutar da ta rasa mafita tana iya huda rufin wayoyin taransifomar, wadda ita ce mafi tsada a jikin na'urar kuma mafi wuyar samu.

Inda sifika suka yi yawa

Lissafin faralel yana nuna cewa ba za a iya jera sifika goma a kan amfilifaya ɗaya ba, amma ga masallatai da makarantu da tashoshin mota suna yin haka kullum. Wani tsari ne daban. A bayan amfilifayoyin Ahuja na Indiya ko TOA na Japan akwai jerin sukurori: COM, 4, 8, 16, sannan 70V da 100V. A layin bolt 100 kowace lasifika tana da ƙaramar taransifoma da ke ɗaga turjiyarta sama ƙwarai. Wadda aka sa a wat 30 tana da kusan om 333, guda goma a faralel sun ba da om 33, suna jan wat 300 gaba ɗaya. A nan ba a wahalar da kai da lissafin om, wat ake tarawa, a tabbatar jimillar ba ta wuce ƙarfin amfilifaya ba, a bar kuma ɗan sarari. Tun da amfiyar da ke bin layin kaɗan ce, ana iya jan siririyar waya mai nisa daga cikin masallaci zuwa kan hasumiya ba tare da asara mai yawa ba.

Wannan tsari na murya ne. Ƙananan taransifomomin ba sa ɗaukar sautukan ƙasa masu nauyi, lasifikar ƙarfe kuma siririn faifanta yana fashewa in aka tura masa bes. Akwatin bes mai om 8 da aka ɗaura a sukurorin 100V yana jan wuta fiye da abin da na'urar za ta iya bayarwa sau da yawa, don haka wurinsa tsakanin COM da 8 ne. Ba a kuma amfani da sukurorin om da na bolt 100 a lokaci ɗaya a kan amfilifaya guda.